Jan tirelar ɗaukar mota mai kilo 3,500 da a-kori-kura a Ingila: lasisin ƙaramar mota ya isa?

Bakatsine a Birmingham

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka san dokar hanya ta ƙasar nan, don Allah a warware min wannan.

Ina da a-kori-kura Ford Ranger ƙirar 2017 mai ƙofa huɗu, kuma ina son sayen tirelar ɗaukar mota, irin mai taya huɗu da ake maƙalawa a bayan mota, ba babbar tirelar kaya ba. Farantin da ke jikinta ya nuna kilo 3,500, ita kanta ba kaya kilo 780 ce. Niyyata in riƙa ɗauko motocin da na saya a gwanjo zuwa garejina, in gyara in sayar. Idan kuma wani ya ce in ɗauko masa tasa ya biya ni, ba zan ƙi ba.

Lasisina na nan ƙasar ne, na ci jarrabawa a 2019, kuma rukunin B na ƙananan motoci kaɗai nake gani a bayan katin. Farantin motar lambobi huɗu ne a jere: 3200, 6000, 1480, 1850.

Lasisin nan ya isa, ko sai na sake wata jarrabawa? Mota mai nauyin nawa zan iya ɗorawa ba tare da na karya doka ba? Sannan ƙanena bai daɗe da zuwa ba, yana da lasisin Najeriya na rukunin G, ya saba da manyan motoci a gida. Zai iya karɓa ta tuƙi idan tafiyar da nisa?

Malamin Tuƙi

Wa alaikumus salam Malam. Maganar lasisi ita ce mai sauƙin, bari in fara da ita.

Tun daga 16 ga Disamba 2021, duk mai cikakken lasisin B a Ingila da Wales da Scotland yana da izinin jan tirelar da nauyinta na faranti bai wuce kilo 3,500 ba, da motar da ita ma nata bai wuce 3,500 ba. Wannan shi ne rukunin BE. A da sai an yi masa jarrabawa ta daban, amma an daina yin ta tun Satumbar 2021. Ba sai ka rubuta wa DVLA, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi, ba. Sun riga sun ƙara maka BE a kwamfutarsu, zai fito a katin ranar da ka sabunta shi. Ka shiga shafin gwamnati na duba lasisi ka gani da idonka, ka kuma ajiye hotonsa a waya.

Ka lura da kalmar da na yi amfani da ita: nauyin faranti. Lasisi ba ruwansa da abin da tirelar ta auna yau. Abin da yake kallo shi ne iyakar nauyin da aka buga mata, wanda suke kira MAM. Tirelar da aka buga wa 3,500 ta shiga cikin BE daidai wa daida. Wadda aka buga wa 3,600 ta fita, ko da fanko kake jan ta. Daga nan sai C1E, wanda ke kai mota da tirela haɗe har kilo 12,000, kuma shi sai an yi gwajin lafiya da jarrabawar rubutu da ta tuƙi.

Akwai masu tsohon lasisi da lissafinsu ya bambanta. Wanda ya ci jarrabawa kafin 1 ga Janairu 1997 galibi yana da izinin mota da tirela haɗe har kilo 8,250. Shi ya sa za ka ji wani dattijo a wajen gwanjo yana faɗa maka wata lamba daban. Gaskiya yake faɗa, amma tasa ce, ba taka ba.

Abu biyu da ke kama mutane. Idan da mota mai giyar otomatik ka ci jarrabawa, za ka ga lamba 78 a katin, kuma BE ɗinka ma na otomatik ne kawai. Na biyu, canjin 2021 bai shafi Ireland ta Arewa ba, can har yanzu sai da jarrabawa.

Game da ƙanenka: lasisin Najeriya yana aiki a nan wata 12 daga ranar da mutum ya zama mazauni, kuma don ƙananan motoci kawai. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu da na Birtaniya, don haka G ɗinsa ba zai koma lasisin babbar mota a nan ba. Dole ya karɓi lasisin koyo, ya yi jarrabawar rubutu da ta hanya kamar kowa, kuma mai koyon ƙaramar mota ba ya jan tirela. Shawarata kada ka ba shi sitiyari da tirela a baya sai ya ci tasa jarrabawar. Ranar da ya ci, BE zai zo masa tare da B. Ka kuma gaya masa cewa a shekara 2 na farko, maki 6 kacal na laifin tuƙi ke sa a soke lasisin.

Ko da doka ta ɗauke jarrabawar, ka nemi horon yini ɗaya wajen masu koyar da jan tirela. Komawa da baya da tirela mai gatari biyu ba a koyon sa a ƙofar wajen gwanjo mutane na jira a bayanka.

Mai Gareji

Malamin Tuƙi ya gama da lasisi. Amma Bakatsine, lasisi ya ce maka 3,500, motarka ba ta ce haka ba sai da sharaɗi, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗawa hannun DVSA, hukumar da ke tare motoci tana duba su a hanya.

Lambobin farantinka ga fassararsu. 3200 shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, har da kai. 6000 shi ne iyakar motar da tirela da kayansu gaba ɗaya idan aka hau sikeli. 1480 iyakar aksil na gaba, 1850 na baya. Kowace lamba doka ce mai zaman kanta. Kana iya cika uku ka karya ta huɗu, kuma tara za ka biya.

Yanzu ka cire 3,500 daga 6,000, saura 2,500. Ma'ana ranar da tirelar ta cika taf, motar da ke jan ta ba za ta wuce 2,500 ba, duk da faranti ya ba ta 3,200. Ka duba takardar rajistar motar, wato V5C, layin G, za ka ga nauyin motar a shirye da direba mai kilo 75. Mu ɗauka 2,250 ne. Kilo 250 ke nan ya rage maka. Mutum biyu a kujerar baya, akwatin kayan aiki, jak, da murfin nan na bodi da mutane ke sawa, ka riga ka haura. A wannan takardar dai, layin O.1 shi ne nauyin tirela mai birki da kamfani ya yarda motar ta ja, O.2 kuma marar birki. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a talla, domin Ranger ɗin ba duka ke jan 3,500 ba, ya danganta da inji da giya.

Ɓangaren tirela kuma: 3,500 a cire 780, saura 2,720. Ka tambayi mai sayarwa ko 780 ɗin ya haɗa da winci da safayar taya da katakon hawa, don sau da yawa nauyin da kamfani ya rubuta na tirelar da ba a ƙara mata komai ba ne. Ka ɗauka kilo 2,600 ne hakikanin abin da kake da shi. Corolla ko Golf ba su kai 1,500 ba, babu damuwa. Babbar Land Cruiser mai V8 ta haura 2,500, da mai a tanki da tarkace a but ta kai ka bakin iyaka. Motocin lantarki ma kada girmansu ya ruɗe ka, batir yana da nauyi ƙwarai.

Sai ƙarfen ja da ke bayan motar. Shi ma yana da nasa ƙaramin faranti, kuma a kai akwai harafin S da lamba, wato nauyin da zai iya ɗauka a tsaye a kan ƙwallon. Kan tirelar da ke hawa ƙwallon shi ma da tasa lambar, galibi 100 zuwa 150. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka. Abin da ake so shi ne hancin tirela ya danna ƙwallon da kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinta, muddin bai wuce waccan iyakar ba.

Wannan nauyin hancin ba ya tsayawa yadda yake. Ƙwallon yana bayan aksil na baya da fiye da mita 1, tazarar aksil biyu na Ranger kuma mita 3.22 ce. Don haka kilo 150 a kan ƙwallo yana zama kusan 210 a kan tayoyin baya, ya kuma ɗage kusan 60 daga na gaba. Shi ya sa idan an yi wa hanci lodi fiye da kima za ka ji sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilun gaba suna haska sama. Idan kuma an mayar da nauyin baya, hancin ya yi sauƙi, tirelar ta fara kaɗa wutsiya da zarar ka kai mil 50 ko babbar mota ta wuce ka. Wannan ya fi na farkon haɗari nesa ba kusa ba.

Hanyar da za ka huta: ka ɗora motar da ta fi nauyi cikin irin waɗanda kake saye, ka cika tanki, ka je sikelin auna motoci na jama'a, ƙaramar hukumarku tana da jerin inda suke. Ka auna duka haɗe, ka auna motar ita kaɗai tana maƙale da tirelar, sannan aksil-aksil. Ka ajiye takardar a mota.

Tarar obalodi kuwa: daga kashi 5 zuwa ƙasa da 10 fam 100, zuwa ƙasa da 15 fam 200, daga 15 zuwa sama fam 300, idan ya kai kashi 30 maganar kotu ce. Kuma ba tarar ce ke da ciwo ba. Za su hana motar motsi har sai an rage nauyin, kai kuma kayanka mota ce guda, ba buhuna ba da za ka sauke biyu ka wuce. Sai ka kira wani ya zo ya ɗauke ta da kuɗinka.

Bakatsine a Birmingham

Allah ya saka da alheri, Malam da Oga Mai Gareji. Na duba V5C, G ya nuna 2,268, O.1 kuma 3,500. Amma akwai abokina mai ƙaramar jif da kamfani ya ba ta 2,000 kawai, yana son ya riƙa aron tirelar. An ce masa haramun ne tunda farantinta 3,500 ne. Haka ne?

Kuma wani ya tsorata ni da maganar na'urar nan mai ƙirga awannin tuƙi. Ashe ba ta manyan motoci ba ce kaɗai?

Mai Gareji

Ba haramun ba ne. An cakuɗa abu biyu. Lasisi ne ke bin lambar faranti. Ƙarfin jan mota kuwa hakikanin nauyin da sikeli ya nuna yake bi. Idan abokinka ya ɗora mota mai kilo 1,150 a tirela mai 780, jimla 1,930, yana ƙarƙashin 2,000 ɗinsa, in dai bai haura lamba ta biyu a farantin jif ɗin ba. Sai dai ya sani tazarar da ke hannunsa kilo 70 ce, kuma jif mai sauƙi da tirelar da ta kusa kai nauyinta ba abin wasa ba ne a gangara. Kada ya manta da lamba: lambar da ke bayan tirela dole ta zama ta motar da ke jan ta a ranar, ba taka ba, kuma ba a rubuta ta da alli ko maka a kwali.

Direban Dare

Ɗan'uwa, wanda ya tsorata ka ya yi maka gata. Duk abin da aka faɗa a sama daidai ne, amma jimla ɗaya a tambayarka ta canza lissafin: ka ce za ka sayar, kuma za ka ɗauko wa wasu su biya. Daga nan ka fita daga sahun mai jan tirelar hutu, ka shiga dokar masu dakon kaya.

Takogiraf, wato na'urar nan mai ƙirga awannin tuƙi, ba ruwanta da girman mota a ido. Ƙa'idar ita ce, idan iyakar nauyin mota da tirela haɗe ta wuce kilo 3,500 kuma tafiyar ta kasuwanci ce, dole a sa na'urar, direba kuma ya mallaki katinsa daga DVLA. Kai kana 6,000. Sassaucin da ake yi wa mai jan kayansa na kashin kansa, har kilo 7,500, na wanda ba neman kuɗi yake ba ne, kamar mai kai tsohuwar motarsa wajen baje koli. Akwai wani sassaucin na mai ɗauke da kayan aikin da shi kansa zai yi amfani da su, cikin kilomita 100 daga mazauninsa, kuma tuƙi ba shi ne ainihin sana'arsa ba. Magini mai jan ƙaramin injin haƙa zuwa wajen aiki ya shiga nan. Motar da ka saya don ka sayar haja ce, ba kayan aiki ba.

Da zarar na'urar ta hau, awanni sun hau kanka. Tuƙin awa 9 a rana, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako. Bayan awa 4 da rabi sai hutun minti 45. Awa 56 a mako, 90 a mako biyu a jere. Birmingham zuwa Glasgow da dawowa a yini ɗaya da tirela, a gudun da doka ta yarda, ba zai shiga ba, ka cire shi daga ranka. Ana sa wa Ranger na'urar, amma a wurin da aka ba izinin sawa da daidaita ta, ba kowane mai wayarin ba.

Sai lasisin dako, wanda Kwamishinan Zirga-zirga ke bayarwa. Nan akwai ɗan sauƙi a gare ka. Idan kayanka ne kai kaɗai kake ɗauka, kuma tirelar ba kaya ba ta kai kilo 1,020 ba, ba ka buƙatar sa. Taka 780 ce, ka tsira. Amma ranar da ka karɓi kuɗi ka ɗauki motar wani, wannan sassaucin ya faɗi, sai cikakken lasisin dakon haya. Shi kuma yana son manajan sufuri mai takardar ƙwarewa, da wurin ajiye mota da aka amince da shi, da sanarwa a jaridar yankin, da shaidar kana da fam 8,000 a ajiye saboda motar farko.

Za ka ji ana cewa a-kori-kura mai jan taya huɗu ba ta buƙatar wannan lasisin. Akwai gaskiya a ciki, amma sai nauyinta ba kaya bai wuce kilo 2,040 ba. Da 2,268 a layin G, ko an cire direba da mai, da wuya taka ta sauko can. Ka sa dilan Ford ya ba ka lambar a rubuce kafin ka dogara da ita. Kuma ko ta shiga, wannan sassaucin na lasisin dako ne kawai, bai ɗauke maka takogiraf ba.

A ganina, in dai ba za ka mayar da dakon sana'a ta gaske ba, kuɗin ɗauko motar mutum ɗaya-biyu a wata ba zai biya wannan ɗawainiyar ba. Ka tsaya a kan naka motocin, ka sa na'urar, shi ke nan.

Dokar gudu kada a manta: mil 30 a cikin gari, ko 20 inda allo ya nuna, 50 a hanya mai falle ɗaya, 60 a tagwayen hanya da babbar hanya. A babbar hanya mai layi uku ko fiye, layin dama na ƙarshe haramun ne gare ka. Faɗin tirela kada ya wuce mita 2.55, tsawonta mita 7 ban da hancin. Idan tirelar ko abin da ke kanta ya fi motarka faɗi har ba ka ganin baya sosai, sai ka ƙara madubin ja, rashinsa na iya kai tarar fam 1,000 da maki 3.

Hajiya Mai Lissafi

Malam Bakatsine, ka kira masu inshorarka kafin ka sayi tirelar, ba bayan ka saya ba. Inshorar mota ta yau da kullum galibi tana biyan ɓarnar da tirelar ta yi wa wani ne kawai, ba ta biyan tirelar kanta, balle motar da ke kanta. Kana buƙatar ta 'yan kasuwar mota, da ta kayan da ke kan hanya. Idan ka ɗauki ta wani don kuɗi alhali takardarka ba ta ambaci haya ba, a idon doka ba ka da inshora, kuma wannan maki 6 ne zuwa sama.

Motar gwanjon da ba ta da haraji ko MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ba laifi a kan tirela, tunda tayoyinta huɗu ba sa taɓa titi. Kada wani ya ruɗe ka da ƙaramin keken nan mai ɗaga tayoyin gaba kawai don ya fi araha. Shi na janye motar da ta lalace ne zuwa wuri mafi kusa, ba na jigila ba.

Bakaniken Tirela

Tunda ta hannu za ka saya, ka sani tirela mai wannan nauyin ba a yi mata MOT a ƙasar nan. Ba wanda ya duba ta sai mai ita, kuma yawanci bai duba ba. Idan aka tare ka da ita a lalace, tarar tana iya kai fam 2,500 da maki 3, har da hana tuƙi.

Birkinta irin na turawa ne. Idan ka taka birkin mota, tirelar ta turo gaba, hancin ya shige ciki, sanda ta ja wayoyi, su kuma su buɗe takalman birki a cikin ganga. Doka ta ce duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birki, kuma wannan nau'in iyakarsa 3,500. A cikin hancin akwai ƙaramin shokozoba. Ka tura kan da ƙarfi da hannu: ya kamata ya shige a hankali ya dawo a hankali. Idan ya shige fuu ba turjiya, ya mutu, kuma za ka riƙa jin duka a bayanka duk lokacin da ka taka birki ko ka tashi. Wayoyin kuma suna tsatsa su ƙame idan tirela ta daɗe a ajiye. Ka ɗaga kowace taya da jak, ka ja birkin hannu, ka ga ko duka huɗun sun kama. Ka saki, ka juya tayar ka saurara. Gurnani ko girgiza alamar boris ya tafi. Bayan tafiyar mil 10 ta farko ka tsaya ka kai hannu kusa da kowace ganga. Wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa, wadda take sanyi ƙalau ba ta aiki.

Tayoyi: zanen kada ya gaza milimita 1.6, amma tayar tirela tsufa ke kashe ta kafin ta cinye. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, mako da shekara ne, 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Ka duba lambar nauyinta ma. Mutane na sa tayar ƙaramar mota don araha, ita kuwa ba za ta ɗauki kusan kilo 850 da ke kan kowace taya ba. Yawancin na ainihin suna shan iska sosai, wasu har psi 90, ka bi abin da aka rubuta a jikin tirelar.

Siririyar wayar nan mai ƙugiya da ke hanci aikinta ta ja birkin hannu idan tirelar ta ɓalle, sannan ita ta tsinke. Ka maƙala ta a ramin da aka yi mata a jikin ƙarfen ja, ta tafi miƙe, da ɗan sako-sako don kwana amma kada ta ja ƙasa. Bayan ka ɗora kan a ƙwallo, ka murɗa ƙaramar tayar gaba ƙasa har ka ga bayan motar ya fara ɗagawa, a nan ne za ka tabbata ya kama. Sannan ka naɗe ta sama ka ƙulle.

Wajen lodi, inji ya kalli gaba, sai in motar mai inji a baya ce. Ka matsa da ita kaɗan-kaɗan kana auna hancin, tafin hannu ɗaya gaba ko baya yana canza shi da kilo masu yawa. Bel huɗu, ɗaya a kowace taya, kuma ka karanta lambar LC da ke jikin kowanne, wato iyakar ƙarfin da zai iya riƙewa, wanda ya fara zarewa ka yar. Wayar winci ba ɗauri ba ce. Ka sake ɗaure bel ɗin bayan 'yan mil na farko, domin suna saki idan mota ta zauna. Idan kuma tirelar ta fara kaɗawa a hanya, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi kuma kada ka ƙara wuta. Da ta lafa ka nemi wuri ka tsaya, ka matsar da motar gaba.

Ka duba soket ɗinka ma kafin ka je ɗauko ta. Sababbin tireloli masu fil 13 ne, tsofaffin motoci da yawa masu 7, kuma na 7 ba ya ba da wutar ribas.